Yadda nake samo kuɗin ɗaukar bidiyo a Garwa

Na fara wannan harka a Janairun 2022, lokacin da aka kawo wasannin Kofin Afirka filin Roumdé Adjia da ke nan Garwa, a arewacin Kamaru. Ranar da Najeriya ta ci Masar 1-0, na ɗauki wani mai gasa kifi yana ciniki da 'yan Yola, rabi Hausa rabi Fillanci. Kafin gari ya waye bidiyon ya zagaye WhatsApp. Ko sisi ban samu ba, amma na gane mutanenmu suna da ƙishirwar ganin garinsu da jin harshensu a waya.

Ɗan'uwa, kada ka ɗora tukunya don kuɗin YouTube. Kafin su raba kuɗin talla da kai, sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ba sa turowa sai abin ya kai dalar Amurka 100, kuma ba kowace ƙasa ce ke cikin tsarin ba. Buɗe tashar, ta zama rumbun ajiya.

Kuɗin farko yana unguwarku. Ni tela ne ya fara biya na, ana saura sati uku azumi. Na je shagonsa bayan la'asar, muka gaisa sosai, na miƙa masa waya ya kalli bidiyon mai kifi har sau biyu. Sai na ce, "Alhaji, haka za a ga ɗinkinka kafin Sallah." Muka shirya a jaka 5, wato sefa 5,000. Ban yi masa dogon surutu ba, hannunsa na ɗauka yana zana aiki a wuyan riga, da ƙarar keken, da lambarsa a ƙasa. Haka za ka yi da mai kilishi, mai turare, dukawan Marwa in ka samu zuwa. Ka karɓi rabi kafin ka kunna kyamara, ta Orange Money ko MoMo, saƙon ya zama shaida. Wani mai shago na yi wa aikin yini biyu cikin zafin Afrilu, har yau "gobe" yake ce min. Kuma abin da ba ka gwada da kanka ba, kada ka tallata shi, domin gobe a masallaci za ka haɗu da wanda ya saya.

Kayan aiki kuwa, adashe muka yi mu biyar. Da kwasata ta zo, ƙaramar makirufo ta maƙalawa a wuyan riga na saya. Mutum zai jure hoto mai dishi-dishi, amma in ƙarar babura ta danne magana, wucewa zai yi.

Wajen yaɗawa, ka tuna data tsada take. Kada bidiyo ya wuce minti biyu, ka rage masa nauyi, ka manna sunan tasharka a kusurwa tun daga farko har ƙarshe. Ka kai wa masu cajin waya da ke tura wa mutane fina-finai, su riƙa haɗawa da naka kyauta. Ka sa fassarar Faransanci a ƙasa don yaranmu da suka tashi a Yawunde da Duwala. Ni bayan isha'i nake sakawa a Facebook da TikTok, in zauna in amsa duk wanda ya yi magana.

Kafin ka ɗauki kowa, musamman mata da dattawa, nemi izini, ka kuma nuna musu abin da ka ɗauka kafin ya fita.