Yadda ake gano fashewar tauraro da ƙaramin madubin hangen nesa

Supanoba ita ce fashewar tauraro a ƙarshen rayuwarsa, fashewar da haskenta kan yi gogayya da na galaksi (wato tarin biliyoyin taurari) sukutum na tsawon makonni. Rabon da a ga irinta da ido a cikin galaksinmu tun 1604, zamanin masanin taurari Kepler. Don haka mai nema sai ya leƙa wasu galaksin, inda take fitowa kamar ɗan ɗigon haske a wurin da babu komai a makon jiya. Aikin gaba ɗaya kwatanci ne, kuma wanda bai san yadda wuri yake a da ba, ba zai gane baƙo ya shigo ba.

Fara da kayan aiki. Madubi mai faɗin santimita 20 ya isa, sai wuri mai duhu nesa da fitilu, da daren da babu farin wata. Ka riƙe cewa ma'aunin hasken taurari a juye yake: lamba na hawa, haske na raguwa. Ido kan tsaya a wajen 6, irin wannan madubi kuwa yakan kai 13. Zauna cikin duhu minti 20 zuwa 30 ba tare da taɓa waya ba, sannan ka kalli galaksin da gefen ido, domin gefen ya fi tsakiya kama haske mai rauni.

Kada ka fara da farauta. Nemi wadda aka riga aka gano, a jerin da shafin intanet na Transient Name Server (TNS) ke fitarwa, ka koyi kamanninta. A ranar 19 ga Mayu 2023 Koichi Itagaki, ɗan Japan da ba sana'arsa ke nan ba, ya gano SN 2023ixf a galaksin M101, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 21. Haskenta ya kai wajen 11, ƙananan madubai da dama sun gan ta.

Daga nan zaɓi galaksi goma ko ashirin ka lazimce su. Masu nannaɗaɗɗun hannuwa sun fi, saboda a nan ake haihuwar manyan taurari masu gajeren kwana. NGC 6946 kaɗai an ga supanoba goma a cikinsa tun 1917. Zana kowane galaksi a takarda, ka ɗiga duk tauraron da ke kewayensa, ko ka ɗauki hoto ka ajiye. Robert Evans, wani fasto a Ostareliya, ya gano 42 da ido a bakin madubi, don ya haddace fuskar galaksi masu ɗimbin yawa.

Idan ka ga sabon ɗigo, ka fara da zarginsa. Sau da yawa tauraron galaksinmu ne da ya faɗo kan layi, wanda daren jiya hazo ya ɓoye. Yana iya zama dutsen sararin samaniya mai wucewa: jira awa ɗaya, in ya gusa to shi ne, kuma Minor Planet Center na da shafin tantance wannan. In hoto ka ɗauka, sake ɗaukar wani bayan ka ɗan motsa madubin, domin kyamara kanta takan haifar da ɗigon ƙarya.

Wanda ya fi rikita sabon shiga shi ne galaksi mai rayayyiyar cibiya. A tsakiyarsa akwai ƙaton baƙin rami (wurin da ko haske ba ya iya kuɓuce wa jansa) da ke zuƙar iskar gas, gas ɗin ya yi zafi ya haskaka, sai cibiyar ta zama tamkar tauraro. M77 haka yake. Bambancin yana cikin wuri da hali. Cibiya tana tsakiya daidai, haskenta na hawa da sauka babu tsari shekara da shekaru. Supanoba galibi a gefe take, ta hau sau ɗaya ta dusashe. Ina ganin kowa ya kamata ya gwada nemo 3C 273, wani galaksi mai irin wannan cibiya a rukunin taurari na Virgo, wanda Maarten Schmidt ya gano nisansa a 1963. Haskensa wajen 13 ne, ba abin da ya raba shi da tauraro a ido, alhali nisansa ya haura tafiyar haske ta shekara biliyan 2.

Sai auna haske. Samo taswirar AAVSO (ƙungiyar masu bibiyar taurari masu sauya haske), ka kwatanta ɗigon da taurari biyu da aka san lambarsu, ɗaya ya fi shi, ɗaya bai kai shi ba. Rubuta lokaci da agogon UT, wato agogon GMT. Supanoba iri-iri ce: nau'in Ia yakan kai ƙololuwa cikin kusan mako uku, wani reshe na nau'in II kuma yakan tsaya cak kusan kwana 100 kafin ya faɗi. Tabbatar da nau'i dai sai an rarrabe launukan hasken an ga ko akwai haidirojin, wannan aikin manyan na'urori ne.

In ɗigon bai motsa ba, kuma babu shi a tsohon hoto ko a jerin TNS, aika rahoto can da matsayinsa, haskensa, lokaci da hoton. Yi sauri, domin na'urori masu sarrafa kansu irin ZTF da ATLAS ne ke kwashe mafi yawa yanzu. Duk da haka sukan yi sake. SN 2014J ta galaksin M82, Steve Fossey ne ya hango ta a ranar 21 ga Janairu 2014 yana koya wa ɗalibai a Landan, daga baya aka tarar ta yi kwanaki a cikin hotunan wasu ba wanda ya lura.