Kurakuran da aka fi yi wajen tantance wanda ya ci a wasan poka

Ranar da na fara gane cewa ban iya ƙirga hannun poka ba, muna zaune ne kan tabarma mu huɗu, tsinken ashana ne kuɗinmu, don babu mai sa ko sisi a cikinmu. Irin wasan Teksas muke yi, wanda ake ba kowa kati biyu a hannu, a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa. Ina riƙe da 9 da 4. A tsakiya aka buɗe 9, 4, 2, daga baya K biyu suka biyo (a darajar kati, daga 10 sai J, sai Q, sai K, sai A a sama). Na ajiye katina ina murmushi, na ce tagwaye uku gare ni, na miƙa hannu zan kwashe ashana. Abokina ya riƙe min hannu ya ce, "Malam, dakata." Shi A da 9 gare shi.

Gaskiyarsa. A poka kati biyar kaɗai ake dubawa, ko da bakwai ne a gabanka, saboda haka babu wani abu wai shi tagwaye uku. Mafi kyawun biyar ɗina K-K-9-9-4 ne, nasa kuwa K-K-9-9-A. Tagwayen 4 da nake taƙama da su sun tashi a banza tun da K na biyu ya faɗo. Rabin rigimar da ake yi a kan tabarma daga nan take tasowa, kuma maganinta ɗaya ne: kafin ka buɗe baki, zaro biyar ɗinka da yatsa, ka jera su, ka ture sauran biyun gefe.

Ga jerin daga ƙasa zuwa sama. Babban kati shi kaɗai, tagwaye wato kati biyu masu lamba ɗaya, tagwaye biyu, 'yan uku, jere wato lambobi biyar a bin juna, fulosh wato biyar masu alama ɗaya, ful haus wato 'yan uku haɗe da tagwaye, 'yan huɗu, sai jere mai alama ɗaya. Ƙololuwar wannan na ƙarshe, 10-J-Q-K-A, shi ake kira royal fulosh.

Ba wani ne ya zauna ya tsara wannan jeri da son ransa ba, lissafi ne. Daga kati 52 ana iya fitar da hannu 2,598,960 masu kati biyar-biyar, kuma duk hannun da ya fi wuyar samu shi ke sama. Nan ne ake yin kuskure na biyu, na ɗora jere a kan fulosh. A ido jere ya fi kama da abin wahala, tunda sai lambobi sun bi juna tiryan-tiryan. Amma hanyoyin samun jere 10,200 ne, na fulosh 5,108 kacal, kusan rabi ke nan. Ful haus 3,744, 'yan huɗu 624, royal fulosh kuwa huɗu tak, wato sau ɗaya a rabo 649,740. Haka 'yan uku suka fi tagwaye biyu, duk da mai tagwaye biyu yana ganin kati huɗu ya haɗa: 54,912 ne a kan 123,552. In jerin ya ɓace maka, tambayi kanka wanne ka fi daɗewa ba ka gani ba.

Fulosh ma yana da nasa tarkon. Alama ake nufi, ba launi ba. Alamu huɗu ne, ja biyu baƙi biyu, kuma uku masu zuciya da biyu masu dayamon ja ne duka, amma ba su zama komai ba. Wanda ya saba da Whot zai fi saurin ganewa: kamar a ce biyar ɗin duk tauraro ne ko duk da'ira. Sannan babu alamar da ta fi wata daraja wajen raba hannu. Idan mutum biyu suka zo da fulosh, babban katin kowa ake dubawa, in sun yi daidai a sauka na biyu, har zuwa na biyar. Samun shida masu alama ɗaya ba ya ƙara maka komai.

Sai A, mai fuska biyu. Yana iya zama a sama da K, yana iya zama ɗaya a ƙasa da 2. A-2-3-4-5 jere ne sahihi, amma shi ne mafi ƙanƙanta, 2-3-4-5-6 ma ya doke shi, domin a wurin 5 ne babba. Abin da A ba ya yi shi ne zagayowa: Q-K-A-2-3 ba jere ba ne, kowane irin rantsuwa mai shi zai yi.

Inda aka fi ɓata lokaci da gardama shi ne idan hannu biyu iri ɗaya suka haɗu. Ƙa'idar ita ce a fara da ɓangaren da ya fi nauyi, kada a tara lambobi. 8-8-8-2-2 ya ci 7-7-7-A-A, domin 'yan ukun ake fara dubawa, A biyun nan ado ne kawai. K-K-2-2 ya ci Q-Q-J-J, ko da jimillar na biyun ta fi yawa. In manyan sun yi kunnen doki, sai a koma kan katin da ya rage, wanda ni nake kira mai raba gardama. Misali a tsakiya akwai A-9-7-4-2, kai kana da A-K, wani yana da A-Q. Ku duka tagwayen A ne, K ɗinka ya ba ka.

Amma mai raba gardamar ma sai ya samu shiga cikin biyar ɗin. A ce tsakiya A-K-J-9-6 ne, kana da A-3, abokin karawarka A-2. Sabon shiga zai ce 3 ya fi 2. Ina! Kowannenku A-A-K-J-9 yake da shi, 3 da 2 duk suna waje, raba kuɗin za a yi biyu. Mafi zafi a rai shi ne mai riƙe da A biyu a ga tsakiya ya fito 5-6-7-8-9. Jeren nan na kowa ne, mai 2 da 3 ma daidai yake da shi, sai dai in wani na da 10 ya kwashe duka.

Kuskure na ƙarshe na waɗanda suka ɗan iya ne, su ɗauki dokar Teksas su kai ta wani wasan. A Omaha kati huɗu ake ba ka, kuma dole ka yi amfani da biyu cif daga hannunka, uku daga tsakiya. Zuciya huɗu a tsakiya da ɗaya a hannunka fulosh ne a Teksas, a Omaha ba komai ba ne. Akwai kuma wanda ake cire 2 zuwa 5 a bar kati 36. A can yawanci fulosh ne ke hawa kan ful haus, kuma dalilin bai sauya ba: kowace alama ta koma kati tara, sai fulosh ya ragu zuwa 480, ful haus kuwa 1,728. Don haka in ka zauna a sabon wuri, tun kafin a yanka kati ka tambayi mai rabo wane irin wasa ake yi, da kati nawa ne a hannunsa.