Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta sunan ɗan tsuntsun teku Hydrobates pelagicus

Duk shekara idan ɗalibai suka kawo mini furojet ɗinsu, akwai tsuntsu ɗaya da nake jira in ga irin aika-aikar da za a yi wa sunansa. Ɗan ƙaramin tsuntsun teku ne baƙi mai farin tabo a gindin wutsiya, tsawonsa bai wuce santimita 18 ba. Yana ƙyanƙyasa a tsibiran Turai, idan sanyi ya shigo sai ya gangaro tekun Atlantika har gaɓar Namibiya da Afirka ta Kudu. Sunansa Hydrobates pelagicus. Da Girkanci kalmar farko tana nufin mai tafiya a kan ruwa, saboda yadda yake taɓa saman ruwa da ƙafafunsa idan yana kiwo.

Kuskuren haruffa shi ya fi yawa, kuma gyaransa ba wuya. Kalmar farko, ta zuri'a, da babban harafi take farawa, ta biyu, ta nau'i, da ƙarami. A kwamfuta a karkata haruffan, a rubutun hannu a ja wa kowace kalma layinta daban. Wani ɗalibi kuwa ya taɓa ganin sunan Turanci, storm petrel, ya rubuta mini "tsuntsun fetur". Na yi dariya har da hawaye. Babu abin da ya haɗa shi da gidan mai.

Inda nake ɗan tsananta wa ɗalibai shi ne wajen baka-biyu. Cikakken sunan shi ne Hydrobates pelagicus (Linnaeus, 1758). Da yawa suna goge baka-biyun, a ganinsu ado ne. Alhali labari yake ɗauke da shi. Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Sweden, ya fara kiran tsuntsun Procellaria pelagica a 1758, sai a 1822 wani masanin, Friedrich Boie, ya kafa zuri'ar Hydrobates aka mayar da shi can. Baka-biyun ne ke nuna an canza masa gida bayan wanda ya fara raɗa masa suna. Wanda ya cire su ya ce kenan Linnaeus ne ya sa shi a Hydrobates, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ka lura pelagica ta koma pelagicus. Wannan ba tuntuɓen alƙalami ba ne. Latin tana bambanta kalma namiji da mace kamar yadda muke cewa farar riga da farin wando: Procellaria mace ce, Hydrobates namiji. Haka ya faru da ɗan'uwansa da aka daɗe ana kira Oceanodroma leucorhoa. Da aka haɗe zuri'arsa cikin Hydrobates a 'yan shekarun nan, ya zama Hydrobates leucorhous. Idan ka haɗa sabuwar zuri'a da tsohuwar wutsiyar suna, ka yi gamin gambiza.

Sai batun dangi, wato babban rukunin da ke tattara zuri'o'i. Tsofaffin littattafan da ke ɗakunan karatunmu sun zuba duk waɗannan tsuntsaye cikin Hydrobatidae. Binciken ƙwayoyin halitta ya raba su, na kudancin duniya suka koma Oceanitidae. Cikinsu akwai Oceanites oceanicus, mai dogayen ƙafafu da ke leƙowa bayan wutsiya idan yana tashi, da fatar tsakanin yatsu mai ruwan ɗorawa. Sunan dangi, mai ƙarewa da -idae, ba a karkata shi. Kafin ka kwafi rabe-raben nan daga littafi, fara buɗe shafinsa na farko ka ga shekarar da aka buga shi.