Yadda za a bi da mara lafiya mai yawan dawowa asibiti

Kowane asibitin sha-ka-tafi a Zariya, daga Tudun Wada zuwa Samaru, yana da irinsu: kati ya yi kauri, ga leda cike da magungunan kemis, ga layi har bakin ƙofa. Sallamarsu da farasitamol ba ta rage aiki, jibi za su dawo.

In kai ne ma'aikacin lafiyar da ke duba irin wannan mara lafiya, ka bar shi ya yi magana minti biyu ba katsewa, sannan ka ce, "Baba, cikin waɗannan wanne ya fi hana ka sakat?" Ku tsaya kan abu biyu yau. Sauran ka rubuta a kati a gabansa, ya ga ba a watsar ba.

A zazzage ledar a kan tebur. Nan ake gano mai shan diclofenac kullum don ciwon gwiwa, alhali shi ke cin cikinsa yana tayar masa da hawan jini.

Kada sabo ya rufe maka ido. A auna jini kowane zuwa, 140/90 ko sama a ranaku biyu daban hawan jini ne. Tarin da ya kai sati biyu, a tura gwajin majina don duba tarin fuka. Rama ba dalili ko jini a bayan gida, a ba da takardar zuwa asibitin Gambo Sawaba ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, a rubuta magungunan da aka riga aka ba shi.

Wadda ta fi bukatar haƙuri ita ce mai cewa "wani abu na yawo a jikina, kaina na zafi", an yi ta ɗura mata maganin taifot bisa gwajin Widal, wanda shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Sau da yawa damuwa ce ke cin ta. A roƙi mai rakiya ta ɗan jira a waje, don ba za ta yi zancen kishiya ko bashi a gaban uwar miji ba. A tambaye ta barci, cin abinci, yawan kuka, da ko tunanin halaka kanta na zuwa mata. In yana zuwa, a tura ta likitan ƙwaƙwalwa a ranar, da rakiya. Kada a ce mata "lafiyarki lau", nan take za ta rufe baki.

Mai nacin allura ko ƙarin ruwa, a ƙi cikin ladabi: in yana iya sha, ƙwaya ta wadatar.

A tsayar wa mai yawan dawowa da rana duk sati huɗu, wajen ma'aikaci ɗaya, bayan layin safe ya ragu.