Yadda ma'aikacin labo zai yi masta daga nan Arewacin Kamaru

Ni ma'aikacin gwaje-gwaje ne a labon wani asibiti a Garwa, kuma tun da na kare memwar ɗina na masta, wato kundin binciken kammala karatu, ƙannen da ke zuwa koyon aiki wurinmu ba su bar ni na huta da tambaya ba: "Yaya, ta ina ake farawa?" Abin da nake gaya musu ne zan rubuta a nan.

Fara da duba takardar da ke hannunka. Jami'o'inmu suna bin tsarin lisans (digirin farko) shekara 3, masta shekara 2, sannan digirin dakta. Ƙofar masta lisans ce. Da yawa daga cikinmu kuwa difloma ce muke da ita, ta shekara 3 daga makarantun ma'aikatar lafiya, wadda ake ce wa TMS, wato ta ma'aikacin fasahar lafiya. Takarda ce mai kyau wajen aiki, amma galibi sai ka cike ta da lisans kafin jami'a ta saurare ka. Je sashen da kake so da ƙafarka ka tambaya, kada ka dogara da "an ce".

Masta iri biyu ce. Akwai ta bincike, ita ce hanyar zuwa digirin dakta da koyarwa, kuma a jami'o'in gwamnati kuɗin rajistarta na shekara sefa dubu 50 ne. Akwai ta sana'a, wadda kuɗinta ya ninka wancan sau da yawa. In ba ka da niyyar barin teburin gwaji, ta sana'a za ta ishe ka. In kana hangen dakta, kada ka ɓata kuɗinka a can.

Wuri na kusa da mu shi ne jami'ar Ngaundere da ke Dang, inda tsangayar kimiyya take da sashen kimiyyar gwaje-gwajen lafiya. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a 2022, tana da tsangayar likitanci, sai ka riƙa sa ido kan sanarwarta kowace shekara. A kudu akwai Yawunde ta ɗaya da Duwala da Dschang, sai Buya ga mai Ingilishi. Wasu kan tsallaka Maiduguri ko Kano ko Sakkwato. Ba laifi, amma in ka dawo sai ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde ta tantance takardarka, kuma wannan yana cin lokaci.

Dosiye, wato takardun neman shiga, ba shi da wata dabara: takardun maki na kowace shekara, kwafin difloma da aka buga wa hatimi, takardar haihuwa, da wasiƙar neman gurbi. Sassa da yawa suna son ganin matsakaicin maki 12 cikin 20 ko sama da haka. In kai ma'aikacin gwamnati ne, nemi izinin tafiya karatu a rubuce tun da wuri. Iznin baki na shugaban sashe yana ƙarewa ranar da aka canza masa wurin aiki.

Shekarar farko darussa ne da jarrabawa, duk mai ƙoƙari zai wuce. Inda mutane ke maƙalewa shi ne memwar, kuma tun ranar zaɓen batu ake maƙalewar. Dokata ɗaya ce: zaɓi abin da samfurinsa ke zuwa teburinka, wanda aljihunka zai iya ɗauka, kuma lokacinsa ya dace da kalandar jami'a.

Ɗauki zazzaɓin cizon sauro. A nan arewa na damina ne. In an amince da aikinka a Disamba, ka ce za ka tara jini a Fabrairu, za ka yi ta duba gilashi babu komai a kai. Kuma tun 2016 ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi wata-wata a damina a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa, don haka dole takardar tambayoyinka ta nuna ko yaro ya sha, in ba haka ba alƙalumanka ba su da fassara.

Sanƙarau batu ne mai jan hankali, amma ba na ba ɗan masta shawarar sa. Likita ne kaɗai ke ɗebo ruwan ƙashin baya, ƙwayar ba ta jure jira, ba a sa ta a firji, kuma tun da aka yi allurar rigakafi ta MenAfriVac nau'in A na ƙwayar ya ragu ƙwarai. Kana iya cinye rani guda ba ka tara abin kirki ba.

Tsargiya kuwa, ita ce nake kira batun talaka. Ƙauyukan bakin dam ɗin Lagdo da gonakin shinkafa na Maga suna nan. Fitsari mililita 10 ake karɓa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwayayen tsutsar suka fi fita, a tace, a duba a mikroskop a ƙirga. Sirinji da matata da ido mai kyau, shi ke nan. Haka ma aikin bijirewar ƙwayoyin cuta ga magunguna, musamman a fitsarin mata masu ciki. Likitocinmu suna matuƙar buƙatar wannan bayani. Sai dai fayafayan maganin da ake ɗorawa a faranti sanyi suke so, ga zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40, ga ɗauke wuta. Tabbatar da firjin da ke da janareta ko sola, kuma ka riƙa gwada ƙwayar awo, irin E. coli ATCC 25922, don ka san fayafayan ba su mutu ba.

Yara na yanzu kowa PCR yake so, wato gwajin gano cuta ta ƙwayoyin halittarta, don sunan yana da daɗi a bangon memwar. Kada ka rubuta shi a tsarin aikinka sai kana da yardar labon da zai yi maka, a takarda, da farashi. Cibiyar Pasteur tana da reshe a Garwa, ana iya neman horo ko haɗin gwiwa a can ta hannun malaminka. In samfurin zai yi tafiya kudu, ɗiga jinin a takardar tacewa, ka bar shi ya bushe sarai, ka rufe kowanne a ledarsa da abin tsotse danshi. Ya fi kwalbar jini jure hanyar mota zuwa Ngaundere da kwanan jirgin ƙasa.

Yi lissafin kuɗi kafin ka je wurin malami. In ba a san yawan cutar a wurin ba, aka ɗauka rabi da rabi ne, da kuskuren kashi 5, lissafi yana ba da mutum 384. Ninka wannan da kuɗin gwaji ɗaya, ka ƙara safar hannu da man babur da abin da zai lalace. In adadin ya tsorata ka, rage faɗin tambayar, kada ka rage ingancin gwajin. Shi kuwa malamin da zai duba aikin, tambayi tsofaffin ɗalibansa wata nawa babi yake yi a hannunsa. Babban suna da ba ya amsa waya ba zai kai ka gaban alƙalan kare memwar ba.

Kada ka taɓa jinin kowa don bincike sai kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ka takarda. Tun 2022 akwai doka a kan binciken lafiya da ya shafi mutane. Sai iznin wakilin ma'aikatar lafiya na jiha da na shugaban asibiti. A ƙauye kuma, gaida lamido ko lawan ko jauro kafin ka buɗe akwati. Bayanin yarda a yi shi da Fulatanci ko Hausa, yadda tsohuwa za ta gane, domin maganar jini tana saurin zama jita-jita. Wanda ka samu da cuta, haɗa shi da asibitin yankin ya karɓi magani.

A wurin aiki, mutum biyu su karanta kowane gilashi ba tare da sun ga amsar juna ba, na uku ya raba gardama. Ruwan haɗa Giemsa, rinin da ake duba jini da shi, ya tsaya a pH 7.2. Rubuta lambar kowane sinadari da ranar ƙarewarsa a littafi, don ranar kare aiki abin da alƙalai ke tonawa ke nan, ba gabatarwar da ka ƙawata ba. Shigar da sakamako a kwamfuta kowace yamma. Manhajojin nazarin alƙaluma irin Epi Info da R kyauta ne. Ajiye kwafi a intanet, ƙari a kan na waya.

In dakta kake hange, fitar da maƙala ɗaya daga memwar ɗin tun malaminka bai shagala da sababbin ɗalibai ba, kuma ku daidaita jerin sunayen marubuta kafin a fara rubutu. In kuma ƙarin girma a wurin aiki kake nema, karɓi takardar shaidar kammalawa da zarar ka miƙa gyare-gyare, ka buga mata hatimi, ka sa a dosiyenka, domin ainihin difloma takan yi jinkirin fitowa.