Yadda Ake Kai Ƙaramin Yaro Hutu Tsibirin Zanzibar Daga Garwa, Marwa Ko Njamena

Mutanenmu sun fara leƙa Zanzibar, kuma ina ganin sun yi dabara. Tsibiri ne na Musulmi a gaɓar Tanzaniya, kiran sallah na tashi ta kowane lungu, nama na yanka ne, mace da hijabinta ba mai kallonta sau biyu. Sai dai na ga iyalai da dama sun tara kuɗi shekara guda, sun tafi da yaro ɗan shekara biyu ko uku, sun dawo a gajiye suna cewa wurin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. In ka bi diddigi, kuskuren tun daga gida aka yi shi: ko a takardu, ko a watan da aka zaɓa, ko a gefen tsibirin da aka kama ɗaki.

Ku fara da baza fasfo ɗin kowa a kan tabarma, ku duba ƙasar da ta bayar. A nan arewacin Kamaru gida ɗaya sai ka tarar maigida da fasfo na Kamaru, uwargida da na Najeriya ko na Cadi. Tanzaniya ba ɗaya ta ɗauke su ba. Ɗan Kamaru bizarsa ta yau da kullum ce, dala 50, yana nema ta intanet. Amma Cadi da Najeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, sai an tura takardunsu hukumar shige da fice ta duba ta amince tukuna. Hukumar da kanta tana ba da shawarar a nema da wata 2 kafin tafiya, kuma kada a biya tikiti sai amsa ta fito. Na san gidan da maigida ya ga tikiti ya yi araha ya saye na mutum uku, tasa bizar da ta yaron suka fito, ta matar shiru. Ranar tafiya ta zo ta wuce, kuɗin canza tikiti ya cinye ragin da ya yi murna da shi har ya ɗora. Biza tukuna, sannan tikiti. Ban yarda da wani tsari ba wannan ba.

Yaro, ko na goye ne, da nasa fasfo, kuma kowane fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Katin allurar shawara dole ne, domin Kamaru da Cadi duka suna cikin ƙasashen da ake neman katin daga gare su. Ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma ba a yi wa jariri sai ya kai wata 9. Wanda bai kai ba, a haƙura da tafiyar sai baɗi. In uwa ce kaɗai za ta tafi da yaro, ta riƙe takardar haihuwarsa da takardar izinin uba wadda aka buga wa hatimi a komisariya. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 Zanzibar ta wajabta wa duk baƙo inshorarta, dala 44 ga babba, yara ƙasa da haka. Ko kuna da wata inshorar sai kun biya wannan. Ku biya tun daga gida ku buga takardar, kada ku tsaya latsa waya a layi da yaro yana kuka.

Na biyu, wata. Lokacin da zafin Garwa ke hana barci, daga Maris zuwa Mayu, shi ne lokacin da ran mutum ke kwaɗayin teku. To shi ne kuma babbar daminar Zanzibar. Otal-otal suna karya farashi, mutum ya ɗauka ya tsinci dami a kala, ya je ya ƙare hutun a ɗaki da yaron da ba shi da wurin gudu. Daga Yuni zuwa Oktoba ruwa ya ɗauke, gari ya yi sanyi-sanyi, kuma ya faɗo daidai da babban hutun makaranta. Wannan ne naku. Disamba zuwa Fabrairu ma ba laifi, amma akwai zafi mai gumi irin wanda yaranmu ba su saba da shi ba, ga tsadar ƙarshen shekara.

Maganar kuɗi, tunda mun zo nan: yaron da bai cika shekara 2 ba a cinya yake zama, kusan kashi 10 cikin 100 na tikitin babba ake biya masa. Ku lissafa shekarunsa har da ranar dawowa, domin in ya cika biyu a can, kujera za a ce ya saya.

Na uku, hanya. Mutanen Kusiri da Njamena sun huta, gadar Ngeli ce kawai tsakaninsu, jirgin Ethiopian ya kai su Adis Ababa, daga can a canza zuwa Zanzibar. Na Garwa da Ngaundare su gangara Yawunde ko Duwala. In ta jirgin ƙasa na dare ne daga Ngaundare, a kama ɗakin kwanciya, kuma a kwana ɗaya a Yawunde kafin a hau na sama. Kada a haɗa wa yaro dare biyu a jere a kan hanya. Na Marwa kuwa, ban ba ku shawarar bin Mora zuwa Kusiri da ƙaramin yaro ba, balle da damina. Adis Ababa a kan tudu take, sama da mita 2,300, da dare akwai sanyi sosai, saboda haka rigar sanyi da safa su zauna a jakar hannu, ba cikin akwati ba. Lokacin tashi da saukar jirgi a ba shi nono ko ruwa ya riƙa haɗiya, kunnensa ba zai toshe ba.

Yanzu mu zo inda aka fi faɗuwa. Mu mutanen kogi ne. Binuwai da Logon da Shari sau ɗaya suke cika a shekara, su ja da rani. Teku kuwa sau biyu take cika, sau biyu take janyewa, a kowace rana ta Allah, kusan awa shida-shida, kuma lokacin yana matsawa gaba da kamar minti 50 kullum. Hoton da kuke gani a waya, ruwa shuɗi har bakin ɗaki, an ɗauke shi ne lokacin da ta cika.

A gabashin tsibirin, wato Paje da Jambiani da Bwejuu da Matemwe, ƙasan tekun shimfiɗaɗɗe ne, in ta ja sai ta yi nisan da a wasu wuraren ya wuce kilomita 1. Wata 'yar uwata ta ba ni labarin ranarsu ta farko a can. Sun karya kumallo, ta shirya yarinyar, ta shafa mata mai, suka fito da ɗan bokiti da cokalin tona yashi. Suka tarar ba ruwa. Sai farin fili da tsirarun kududdufai, can nesa mata sun sunkuya suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku. Yarinyar tana jan zaninta tana cewa, "Umma, ina ruwan?" Mijin ya ce, "Mu bi shi mana, ai ga shi can." Ba su yi nisa ba ya taka wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya, da take ɓuya a cikin duwatsu. Ƙayoyin suka kakkarye a tafin ƙafarsa, kwana uku yana ɗingishi. Da yarinyar ce ta taka, da hutun ya ƙare a ranar. Lokacin da ruwan ya dawo kuma, rana ta take, yarinyar ta yi barci.

Ga wani abin da ya fi wannan haɗari. Ruwan da ya ja a hankali, in zai dawo a kan shimfiɗaɗɗen wuri yakan fara cika kwaruruwan da ke bayanka, ka waiwayo ka ga ya shiga tsakaninka da gaɓa, ga yaro a kafaɗa. Kada ku bi teku ciki da yaro sai da ɗan gari, kuma sai kun san ƙarfe nawa za ta juyo. Kowane otal ya san jadawalin, ku tambaya tun daren farko. Ku da kuke lissafin watan Musulunci ma kuna da sauƙi: cika da janyewa sun fi tsanani a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, inda bambancin kan kai kusan mita 4. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu abin ya fi lafawa.

Ga mai ƙaramin yaro, arewacin tsibirin za a nufa, Nungwi ko Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga filin jirgi. Can ruwa ba ya gudu da nisa, musamman Kendwa, ana iya shiga safe da yamma. Daga Yuni zuwa Satumba ma iska mai ƙarfi tana kaɗa gabas, shi ya sa Paje ke cika da masu wasan lema a kan ruwa, igiyoyinsu na shawagi daidai inda yaro zai yi wasa. Amma arewa da nata aibin, kuma gara ku sani. Can Turawa suka fi yawa, da shigarsu ta wanka, akwai mashaya, kuma a Kendwa ana raba dare ana kiɗa lokacin farin wata. Kafin ku biya, ku rubuta wa masaukin ku tambaya: ɗakin yana nesa da wurin kiɗa? Akwai gidan sauro? Akwai firji? Ni na fi son ƙaramin gida mai kicin a bayan layin otal-otal, tafiyar minti biyar zuwa ruwa. Ya fi araha nesa ba kusa ba, uwargida ta dama kunu lokacin da ta ga dama, masallaci kuma yana kusa. Alƙibla a can arewa take, ba gabas ba.

Tunda ruwan arewa bai janyewa da nisa, yana kuma saurin yin zurfi. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa, shiru ake ji. Dokar ita ce babba ɗaya yana kusa da shi yadda in ya miƙa hannu zai kama shi, wayarsa na cikin jaka. Ku riƙa faɗa wa juna da baki: "Maigida, ga shi nan a hannunka, zan shiga ɗaki," shi kuma ya amsa. Yawancin abin da ke faruwa, kowa ya ɗauka ɗayan ne ke kallo. Wannan balan-balan da ake zura wa yara a damtse abin wasa ne. Ku sayi rigar ruwa ta gaske daidai nauyinsa tun daga Duwala ko Njamena, da takalmin roba mai rufe ƙafa ga kowa. Kwamin wanka na otal ma wannan dokar ce.

Kada ku ce ɗan Marwa ya saba da rana. Farin yashi da ruwa suna mayar da hasken sama, fatar yaro ta ƙone ta saɓule ko da baƙi ne. Daga hantsi zuwa la'asar yana inuwa. Hula mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, ruwan gora a kai a kai.

Jakar magani: farasitamol na yara, gishirin gudawa na ORS da zinc, ma'aunin zafin jiki, filasta, man sauro. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a Zanzibar, amma bai ƙare ba, a gidan sauro zai kwana. Ku tafi da garin kunun da ya saba da shi da madararsa. Sauran abinci ba wuya: akwai ugali, tuwon masara ne sak, akwai shinkafa da kwakwa, filau, ayaba, kifi. Kasuwar dare ta Forodhani da ke Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, ku je ku sha kallo, amma yaro ya ci abin da aka gasa a gabanku kawai, ban da kayan teku da suka jima a kan tebur. Sefa ba ta canzuwa a can, ku tafi da sababbin daloli ko yuro ku mayar shilin. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya. Leda haramun ce a Tanzaniya tun 2019, a zuba kaya a jakar yadi.

Yawo kuma, fita ɗaya a rana ta isa, da safe, gobe a huta. Tsibirin Changuu, minti 20 zuwa 30 a kwale-kwale daga Stone Town, akwai manyan kunkuru waɗanda aka kawo kakanninsu daga Seshel a 1919, yara na son su, kuma nan rigar ruwan za ta yi amfani, don masu kwale-kwale ba safai suke da ta yara ba. Dajin Jozani akwai jajayen birai da ba a samun irinsu sai a Zanzibar, kada a bar yaro ya miƙa musu abinci. Fitar kallon kifin dolfin da asuba da yinin kan teku, ku bar su sai ya girma. A Stone Town lunguna matsattsu ne, babura na kutsowa, keken tura yaro wahala ne, zani da goyo sun fi. Agogonsu yana gaban namu da awa 2, kuma da Sawahili ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", don haka in kun yi alkawari da direba ku rubuta masa lokacin a waya ya gani.

Daren ƙarshe ku kwana a Stone Town, kusa da filin jirgi, ku sayi tsarabar kanumfari da kirfa da masoro a kasuwar Darajani. Kayan wankan su bushe kafin a naɗe. In yaro ya yi zazzaɓi bayan kun dawo, a kai shi asibiti a gwada jini a ranar, a gaya wa likita inda aka je.