Yadda za ka hana mai sihiri danne mai takobi a Dungeons & Dragons

Dungeons & Dragons wasan labari ne da ake yi a tebur da dayis, kowa da ɗan wasan da yake wakilta. Wannan bayani na wanda ke jan ragamar wasa ne, kuma a kan bugu na biyar na 2014 nake magana. Ba zan tsaya koya maka jefa dayis ba, ai ka wuce nan.

Da farko ka san inda gizo yake saƙa. A mataki na ɗaya mai sihiri abin tausayi ne: dayis ɗin jininsa, wato na yawan raunin da zai iya jurewa, mai fuska shida ne, na mayaƙi mai fuska goma, kuma gurbin sihiri biyu kacal gare shi a wuni, kowane sihiri mai ƙarfi da ya jefa yana cinye gurbi ɗaya. Tun bugun farko na 1974 haka aka tsara shi, ya fara da rauni, ya ƙare da mulki. Labarin yana juyawa ne a mataki na biyar. Mayaƙi ya samu sara na biyu, da babban takobi zai cire wa dodo ɗaya jini wajen 22 idan duka saran sun shiga. Mai sihiri kuwa ya samu Fireball, sihirin ƙwallon wuta, dayis takwas masu fuska shida, kusan 28 kenan, ga duk wanda ke cikin tazarar ƙafa 20 daga inda wutar ta fashe. Kowa ya san wanda za a tafa wa.

Abu na gaba shi ne wanda sababbin masu jan wasa suke faɗi a kai, kuma nan zan daɗe. Hutu. Mai sihiri na mataki na biyar gurbi biyu ne gare shi na irin wannan wuta, sai ya yi dogon hutu na awa takwas kafin duka su dawo. Takobin mayaƙi ba ya ƙarewa. To abin da nake gani kullum shi ne: a yi faɗa ɗaya, mai sihiri ya zazzage duk abin da ke aljihunsa, sannan ya ce a kafa zango a kwana, mai jan wasa ya ce to. Gobe ma haka. Wanda ya ɗauki mayaƙi yana gefe ya yi tagumi, ko ya koma latsa waya.

Littafin jagoran wasa ya gina lissafinsa ne a kan faɗa shida zuwa takwas a wuni guda. Ni ban ce sai ka cika takwas ba, zama ɗaya ba zai ɗauka ba. Amma ƙasa da huɗu kafin dogon hutu, ka ba mai sihiri kyauta ke nan. Kada kuma ka fito ka ce "na hana hutu", rigima za ka jawo. Ka sa labarin ya hana su. 'Yan fashi za su tsallaka kogi da fursunoni kafin asuba. Kogon da suke ciki ana sintiri, duk wanda ya kwanta sai an tashe shi da kibiya. Gajeren hutu na awa ɗaya kuwa, ka sake musu shi sau biyu a wuni, domin da shi mayaƙi ke dawo da Action Surge (ƙarin hari a zagaye ɗaya) da Second Wind (farfaɗo da jininsa), mai sihiri kuma ɗan kaɗan yake farfaɗowa, sau ɗaya. Ka zuba ido a faɗa na huɗu, za ka ga mai sihirin yana ƙirga gurabensa da yatsa yana laɓewa bayan mai sulke.

Af, kada ka sayi wani ƙarin littafi don wannan. Ainihin dokokin kyauta suke a intanet, sun isa.

Bayan haka ka gyara yadda dodanninka ke faɗa. Kada ka tara su wuri guda suna jiran wuta. Ka warwatsa su, ka turo su kashi biyu, na biyun ya iso bayan an ƙona na farko. Maharba su nufi mai doguwar riga, wato mai sihirin, domin duk sihirin da yake riƙe da hankali, da zarar an taɓa shi sai ya jefa dayis ya kai 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa, in ya gaza sihirin ya watse. Nan ne zai fara roƙon mayaƙi ya tsare masa ƙofa.

Makamai masu tsafi, mayaƙi ne farko, wannan doka ce a teburina. Ka ba shi abin tashi sama ko baka mai kyau, don kada dodo mai fukafukai ya bar shi yana sarar iska. A wajen fili kuma ka ba shi suna, da dakaru, da sarkin da ba ya sauraron kowa sai wanda ya taɓa riƙe garkuwa.

Daga mataki na 13 mai sihiri na da Teleport, sihirin ɓacewa a ɓullo wani wuri, a 17 akwai Wish, sihirin cika buri, mayaƙi kuma sai a 20 yake samun sara na huɗu. Nan dabara ba ta cika aiki ba. Ka ba manyan dodanni Legendary Resistance, wato ikon tsallake tasirin sihiri, da mai warware sihiri a gefensu, ko ka shirya labarin ya ƙare wajen mataki na 12.